Anti Dije da Ƙashin Shirin

Duk wadda ta taɓa gaishe da Anti Dije ta san ba ta amsawa sai ta matsa mata wuyan hannu. Za ta yi ta latsawa kamar mai zaɓen doya, sannan ta yanke hukunci: "Wannan ƙashi ne ko karan dawa?"

Ƙanwar mahaifiyata ce, likitar gashin ƙashi. Duk zaman da na yi a gidanta a unguwar Muntaza, can ƙasar Larabawa, ban taɓa ganin ta cikin lif ba, ga shi can ƙololuwar bene muke. Ranar da na sayo buhun shinkafa na danna lif, cewa ta yi, "Shinkafa ta hau, ba ta da ƙashi. Ke biyo ni."

Wadda ta fi shan wuya a hannunta ita ce Shirin, maƙwabciyarmu 'yar Iran, budurwa mai son iyo kamar me. Anti ta matsa hannunta sau ɗaya ta tura ta gwaji. Aka ce ƙashinta ba ƙwari. Ta dawo ido jajur, don kakarta a duƙe ta ƙare rayuwa, kuma abin da take tsoro ke nan.

"Amma Anti, kullum ina iyo, ko haki ba na yi."

"Huhunki ya gode. Shi ƙashi bai san kina yi ba. Sai kin taka ƙasa yake ji. Yalla, maza ɗauko takalmi."

Tun daga nan duk safiya muna Corniche, titin bakin teku, rana na dukanmu, muna tsallen igiya cikin abaya. Ni da ba a ce ƙashina ya yi komai ba, har da ni. Wani mai gadi ɗan Zangon Kumasi ya matso a tsorace.

"Hajiya, lafiya dai yaran nan?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Da wannan tsayuwar taka? Gobe ka zo da igiyarka."

Ya zo kuwa.

Muna dariya, amma na san dalilinta. Mahaifiyarta ta zame a banɗaki a Kano, ƙugu ya karye, ba ta sake tashi ba. Anti ba ta taɓa yafe wa wannan karayar ba.

Gajeriyar jinya Anti Dije ta yi, ta rasu kafin a sake yi wa Shirin gwaji. Bayan an watse daga zaman makoki na ji takun ƙafa a matakala. Shirin ce, ta dawo daga asibiti. An ce ƙashin ya ƙara ƙwari. Ta miƙo mini wuyan hannunta ta ce, "Matsa."

Na matsa. Wallahi ban san abin da ake ji ba, ban taɓa sani ba. Na dai ce, "Ƙashi ne." Muka zauna a matakala muka yi kukanmu.

Allah Ya jiƙan Anti Dije, Ya haskaka kabarinta. Yadda ta tsayar da 'ya'yan mutane a kan ƙafafunsu, Allah Ya tabbatar da dugaduganta a kan Siraɗi.