Surukina da Kifayensa Masu Kama da Tsinke

Ina cikin tsince shinkafa aka bugo wa 'yata Hadiza waya. Ban ji abin da aka ce ba, na dai ga ta sulale ta zauna a ƙasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mijinta ne ya faɗi a wurin aiki, rai ya yi halinsa. Zuciya ce, aka ce.

Ni wankan jego ne ya kawo ni Doha, korona ta rufe hanya. Tsoro ya hana ni sakat, kar in mutu a nan a binne ni cikin waɗanda ba su san ubana ba.

A falonsu na unguwar Gharrafa akwai akwatin gilashi cike da ruwan gishiri da duwatsun teku. A ciki wasu kifaye ne sirara kamar tsinken tsintsiya, ga dogon baki. Da farko cewa na yi macizai ne, na ƙaurace wa falon.

Kun san kunyar suruki. Ba ya haɗa ido da ni, ni ma ba na kama sunansa. Sai ya ajiye mini kujera gaban gilashin, shi ya tsuguna gefe yana ɗiga musu wasu mitsi-mitsin ƙwari da yake ƙyanƙyashewa a kwalba, don ba sa cin matacce. Ya yi ta yi wa kifin magana, ina ji. "Ku ci a hankali, ba mai korar ku." Ranar da ya ce namijin ne ke ɗaukar ƙwai, na yi dariya har mayafina ya zame.

Wata rana ni ma na faɗa wa kifin abin da ke raina, tsoron mutuwa nesa da gida. Surukina ya ji, sai ya ce musu, "Ku ma daga nesa aka kawo ku. Ƙasar duk ta Allah ce."

Lokacin ƙwallon duniya 'yan garinmu direbobi da masu gadi suka cika falon da ihu. Ya ce su sassauta, Hajiya da kifi ba sa son hayaniya. Da ya rasu, 'yan garin namu ne suka kai shi makwancinsa a maƙabartar Mesaimeer.

Hadiza ta ce ko in koma gida? Na ce ina nan tare da ita. In ma ta Allah ta kasance a nan, ai ina da ɗa a ƙasar.

Allah Ya ji ƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Ya ba Hadiza dangana, Ya raya abin da ya bari. Amin.