Tarakta Tsakanin Gawo da Rumbu

Shekarun baya, shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma hannun dama, na yi wata sayayya da har yau ake yi mini tsiya da ita a kasuwar Tsafe.

Lokacin ina da ’yar gona a bayan gidanmu, kusa da ’Yandoto, da dawaki biyar: ingarma uku, goɗiya ɗaya da dukushinta. Sana’ata ke nan, in yi kiwo in sayar. Gero da dawa namu ne da su, wake da gyaɗa kuwa saboda harawarsu nake shukawa. Da shanun huɗa nake aiki, sai ɗaya ya mutu da rani, ɗayan kuma tsufa ya kama shi. Ga damina ta ƙarato.

Ina da wani aboki, direban babbar mota a tashar Gusau. Shi ya fara sa mini abin a rai.

“Kai dai ka cika son wahala,” in ji shi. “Duniya ta canza hannu, kai kana bin bayan shanu kana ta cewa kai, kai! Ka sai tarakta. Ka yi naka, ka yi wa mutane, ni in tuƙa maka ranar da ba ni da lodi.”

Na yi mako biyu ina juya maganar, don ni ba na gaggawa ko a cin tuwo. Sannan na je wurin mahaifiyata. Ta saurare ni tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba.

“Ta ina za ta shiga?”

A nan gizo yake saƙa. Gonar kewaye take da kwazazzabo da shingen maƙwabta, hanyarta ɗaya ce, wani ɗan gangare tsakanin rumbun Inna da babban gawon da mahaifina ya bari. A gindin gawon nan ya ɗaure dawakinsa shekara da shekaru, saboda shi ne mai ganye da rani sa’ad da sauran itatuwa suka tuɓe. Bayan rasuwarsa, a nan Inna take shimfiɗa tabarmarta da hantsi.

“Ka sayo ko jirgi ne,” ta ce. “Amma iccen ga, ko ɓawonsa aka taɓa, ni da kai ne.”

Ban iya karatu ba a lokacin, sai da girma ya zo na shiga ajin yaƙi da jahilci. Lambobin awo ba su gaya mini kome. Saboda haka na ɗauko igiyar talalar goɗiya, na kafa bakinta a jikin gawo, na ja har jikin rumbu, na ƙulla. Na sake aunawa sau uku. Na naɗe ta na sa a aljihu, ina jin kaina wani babban injiniya.

Muka fara da Gusau. Abokina ya kai ni wani fili a Tudun Wada inda ake gyaran manyan injuna. Akwai wata ja, ƙatuwa, tayarta ta baya ta kai mini kafaɗa. Tun daga nesa ya fara shafa gemu.

“Ga amarya! Wannan ko dutsen Kwatarkwashi ka nuna mata sai ta huɗe shi.”

Ni kuwa yadda na san sayen dabba haka na yi. Na zagaya ta, na duba ƙafafu, na leƙa ƙarƙashi, na ce a tayar in ji numfashinta. Makanikan suka bar aikinsu suka zo kallo.

“Malam, a buɗe maka bakinta ka ga haƙora?” in ji ɗaya.

“In tana da su, a buɗe,” na ce.

Na fito da igiyata na kara daga taya zuwa taya. Ƙullin ya tsaya da saura kamu guda. Na ce ba ta yi ba. Abokina kamar ya yi kuka.

“Saboda icce? A ɗan rage masa gefe mana!”

“Je ka gaya wa Inna da bakinka.”

Ya kau da kai. Ya san ta.

Ana nan wani makanike ya ce akwai wani Alhaji mai sayen auduga a Bungudu da ya yi sabuwa, yana neman rabuwa da tsohuwar. Washegari muka je. ’Yar ƙarama ce, ruwan toka, fentinta ya koɗe, an ɗaure kujerarta da waya. Abokina ya taɓe baki ya ce wannan ai jaka ce. Amma bugu ɗaya ta tashi, kukanta a daidai, ba tari ba shaƙewa. Na kara igiya. Ta shiga, har da rarar taƙi guda. Daɗi ya kama ni har na manta da cewa mai saye ba ya nuna haƙora.

Alhaji mutum ne mai son dawaki, ya taɓa ganin ingarmuna a kasuwa. Muka daidaita a kan biyu daga ciki, akawal da bidi, shi kuma ya ba ni tarakta da garma mai baki biyu da tirelar ɗaukar harawa. Garmar na auna ta, tirelar ma na auna ta. Mun tafa ke nan, har an yi fatiha, sai ya nuna wani abu a gindin katanga, jerin faya-fayan ƙarfe masu marmashe ƙasa bayan an yi huɗa.

“Ga haro can, ku haɗa da shi. Gyara ne.”

To, jama’a, wa ya taɓa auna gyara? In mai ƙosai ta ƙara maka ɗaya, ba ka ɗaga shi sama kana duba girmansa. Na yi godiya har da rusunawa, igiyata tana kwance a aljihu. Aka kinkima shi aka ɗora a tirela.

Tafiyar Bungudu zuwa gida ta cinye mana yini. Ina zaune a kan murfin taya, abokina yana tuƙi yana faɗa wa kansa “dama, dama, dama” kamar mai lazimi. Ko da muka iso da la’asar, rabin gari ya fito. Har wasu Fulani da ke mashekari kusa da mu suka tsaya da sandunansu a kafaɗa.

Da na bi ta hankali, da na bari sai gobe. Amma mai unguwa ya ce a nuna musu aikinta, ni ma kuma kaina ya kumbura. Aka kwance tirela a ƙofar gida, aka ɗaura haro, don shi ya fi kyan gani. Na shiga gaba ina tafiya da baya, ina yi wa abokina ishara da hannu biyu. Tarakta ta sako kai tsakanin gawo da rumbu, ta ratsa sumul kamar zare a allura. Mata suka rangaɗa guɗa. Na ɗaga igiyata sama ina juyi da ita.

Inna ce kaɗai take kallon baya.

“Mangala!” ta ƙwala. “Kai, mangala!”

Abokina ya waiwaya. Haro ya fi taraktar faɗi ta kowane gefe, ga gangare, ga shi ƙafarsa ba ta saba da birkinta ba. Dole ɗaya ya sha, ko gawo ko rumbu. Na ga ya rintse ido ya murɗa sitiyari dama.

Faifan gefe ya daki dutsen da rumbu yake zaune a kai. Rumbun ya yi ɗan tunani, ya sunkuya kamar mai gaisuwa, sannan ya zauna a kan randar shayar da dawaki. Cikinsa ya buɗe, dammunan gero suka zubo. Ƙura ta turnuƙe wurin.

Goɗiya ce ta fara farfaɗowa. Ta tsinke tsohuwar igiyar da na bar mata, tun da tata tana hannuna, ta taho da dukushi a baya, suka sa kai cikin gero.

Inna ta tashi, ta wuce rumbunta ko kallo, ta je wurin gawo. Ta shafa shi daga sama har ƙasa, ta zagaya, ta sake shafawa. Mu duka mun zuba mata ido. Ta juyo wurin abokina da yake zaune a kan kujerar tarakta.

“Ɗana, mi ya sa ka zaɓi rumbu?”

“Inna, gwamnati ta ce a bi dama.”

Dariyar da ta yi sai da ta dafa icce. Nan kowa ya ɓarke, har Fulanin. Da ta share hawaye ta dube ni.

“Kai kuma, da ka tashi cikin dabbobi, ba ka san jaki na wuce ƙofa mangalarsa ta maƙale ba?”

Na sosa ƙeya. Na naɗe igiyata.

Ran kasuwa na kai haro wurin maƙeri, ya cire faifai ɗai-ɗai a kowane gefe. Aka yi gayya aka gina wa Inna sabon rumbu, ita da kanta ta nuna wurin, can nesa da hanya. Daminar nan na gama huɗa cikin kwana biyu, harawa kuwa sai da muka rasa rufin da za mu ɗora ta. Taraktar nan da abokina ya kira jaka ta yi mana aiki shekara goma sha ɗaya.

Yanzu na iya karanta lambobin awo, amma in zan sayi abu, gyaran nake fara dubawa, don shi ne ke shigowa gida ba a tambaye shi daga ina ba. Inna ta rasu, gawon yana nan, jikokin goɗiyar nan ne a inuwarsa. Duk sanda na zauna a wurin sai in ji muryarta tana kiran mangala, in yi ta murmushi ni kaɗai.

Abin da muka rasa ran nan: rumbu ɗaya, randa ɗaya, dami huɗu na gero, faifan haro biyu, da hular abokina da ta faɗi dukushi ya tauna. Gawo kuwa, ko ɓawo.