Kalmasar Ya Kaltum

A Bulumkutu kowa ya san Ya Kaltum mai ɗinkin kayan yara ba ta yin riga daidai jikin yaro. Atamfar auduga zalla take zaɓa, ja ko ruwan ɗorawa, don yadin roba ƙuraje yake fesa wa jariri a wannan zafi. Sai ta yi kalmasa mai faɗi a ƙasa, yaro na girma ana warwarewa.

Shekarar da mutanen Konduga suka gudo cikin gari, wata matashiya ta zo da goyo, ta ce, "Ya Kaltum, ki yi masa daidai jikinsa kawai. Wa ya san ko zai kai baɗi?"

Ya Kaltum ta tsayar da keke, ranta a ɓace. Ba matashiyar ce ta ba ta haushi ba, waɗanda suka koya wa uwa wannan magana ne.

"Sun ƙona muku gida, sun kwashe gero, yanzu har baɗin yaron za ki miƙa musu? Ba dai a kekena ba, 'yata!"

Ta ƙara wa kalmasar faɗi.

"Ran da ta ɗage masa, ki kawo min shi. Da hannuna zan warware."