Rahoton Ajidan Idirisu

Duk wanda ya taɓa shan shayi a rumfar Ilu, bayan ƙaramin masallacin nan na unguwar Hausawa a New Bell ta birnin Duwala, ya san Ajidan Idirisu. Shi ne dogon nan mai furfura a gefen kunne, wanda ko a kan benci ya zauna bayansa a miƙe yake kamar an zura masa sanda a riga. Shekara talatin da ɗaya ya yi a soja. Bai yi wani babban muƙami ba, a ajidan ya tsaya, ba a kuma taɓa kulle shi ba, kuma in ka tambaye shi abin da ya fi ƙwarewa a kai, sai ya ce maka: tashi. Labarin nan shi da bakinsa yake ba da shi, ya ba kowa ya fi sau goma, yana yi yana dariyar kansa har sai ya share ido da bakin riga.

A New Bell aka haife shi, a gidan mahaifinsa tela. Kakansa Malam Awalu ne ya gangaro daga Banyo da fataucin goro, ya ga teku, ya zauna. Idirisu bai taɓa taka Banyo ba. Amma da yake a bariki ɗan Arewa ake ce masa, sai ya karɓi sunan hannu bibbiyu, har ya riƙa cewa, "In na ajiye kaki, gida zan koma." Ba wanda ya taɓa tambayarsa wane gida.

Sau goma sha ɗaya aka yi musu canjin gari, shi da matarsa Rakiya. Yadda abin yake kullum iri ɗaya ne. Takarda za ta fito, ya karanta, ya sara, ya dawo gida ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "An tashe mu. Ranar Alhamis." Ita kuma sai ta jawo wani koren akwatin ƙarfe irin na soja, mai sunansa da lambarsa da farin fenti, ta fara jera tukwane a ciki tana cusa tsumma tsakaninsu. Yana yaba mata a gaban abokai, yana cewa matarsa ta fi wasu kofur-kofur ladabi. Shi a ganinsa yabo ne.

Da ritaya ta zo, sai suka sauka a gidan gado na New Bell, su uku da autarsu Najiba mai shekara goma sha biyar, don manyan yaran duk sun kama gabansu. Suka faɗa cikin damina, ta Duwala kuwa ba ta wasa. Ruwa ya kwana uku yana zuba, kwata ta cika ta tumbatsa, ya tashi da safe ya tarar da takalminsa ɗaya yana yawo a tsakar gida. Ga 'yan benskin, masu baburan haya, suna busa oda tun daga asuba, ga kiɗa daga layin baya, ga hayaƙin gasa kifi. Ajidan ya tsaya da ƙafar wando a naɗe ya yanke hukunci: nan ba wurin riƙon iyali ba ne. Ƙaramin gari zai nema musu, mai shiru, mai iska, inda yarinya za ta yi karatu ba wanda ya yi mata fito a hanya.

A nan ne ya gano wani abu game da kansa wanda bai yi masa daɗi ba. Tunda yake bai taɓa zaɓen komai ba. Takalmi ba shi aka yi, aski faɗa masa aka yi, garin da zai kwana rubuto masa aka yi. Ko Rakiya ma, gwaggonsa ce ta nuna masa ita. Yanzu ga taswirar Kamaru gaba ɗaya a shimfiɗe kan tabarma, ba mai ce masa nan. Ya yi kwana huɗu yana kallonta har kansa ya yi ciwo.

Sai ya yi abin da aka koya masa. Ya sayi littafin rubutu da rula, ya ja layi shida: makaranta, asibiti, ruwa, masallaci, hanya, tsaro. Kowane gari za a ba shi maki bisa ashirin, kamar ɗan makaranta. Ya ɗaure jaka, ya ce wa Rakiya zai tafi leƙen fage na mako uku. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta sa masa soyayyen nama a leda.

A Ngaoundal ya fara. Ya shiga wata makaranta da littafinsa a hammata, ya zagaya ajujuwa, ya leƙa har bayan gida yana rubutu. Shugaban makarantar ya zaci mai bincike ne daga Yaoundé, ya fito da gudu yana gyara wuyan riga, ya sa aka kawo masa kujera da lemo mai sanyi. Ajidan ya shanye lemon tas kafin ya faɗi gaskiya. Ngaoundal ta ci sha huɗu.

Tibati kuwa ga ruwa, ga kifi, ga shirun da yake nema. Ya zauna a gindin mangwaro da azahar, awa guda cur, babur uku kacal suka wuce. Da farko ya ji daɗi. Daga baya sai ya kama kansa yana ɗaga kai duk lokacin da akuya ta yi motsi, yana fatan wani abu zai faru. Ya ba ta sha biyar, ya tafi da sauri.

Banyo ya bari a ƙarshe, don ita ce ta zuciya. Ya sa babbar rigar da ya ɗinka musamman, ya je wurin dattawan da ke zama a inuwa bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe su, ya ce shi jikan Malam Awalu mai goro ne, ya dawo gida. Suka amsa da fara'a, suka yi 'yar magana a tsakaninsu da Fulatanci wadda bai tsinci ko kalma ɗaya ba, sannan suka juyo da Hausa saboda shi. Wani tsoho ya ce masu goro da ake kira Awalu sun yi yawa a da, wanne daga ciki? Ajidan ya buɗe baki.

"Bon, shi dai kakana, donc, ya tashi daga kartiyen nan ne, voilà, tun zamanin..."

Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Malam, Hausar nan taka ai ta sha ruwan teku."

Suka karrama shi iyakar karramawa, tuwon masara da kindirmo safe da yamma. Amma a rana ta uku, jikan Malam Awalu yana cikin kasuwa yana bin rumfuna a ɓoye yana tambayar inda ake sayar da bobolo, curin rogon nan na ƙunshin ganye da ya tashi da shi. Yaran unguwa kuma sun riga sun raɗa masa suna, baƙon Duwala. Abin ya sosa masa rai ƙwarai, ya fi yadda yake nunawa in yana ba da labarin. Duk da haka ya zauna ya ba Banyo sha bakwai. Yanzu yakan ce sha huɗu ta ci, ukun na kakansa ne.

Da ya dawo bai yi wa kowa maganar ba tukuna, don a soja ba a magana kafin rahoto. Kwana biyu yana rubutu da Faransanci, ya kai wani shago aka buga masa shafi bakwai. A ƙasan shafin ƙarshe ya sa aka zana ɗan gurbi mai kusurwa huɗu, inda shugaba ke rubuta ra'ayinsa ya sa hannu, don bai taɓa ganin rahoto ba shi ba. Ya zura a ambulan, ya fito bakin titi, ya ɗaga hannu zai tsai da benskin. Sai a lokacin ya tuna ba shi da ofishin da zai kai.

Ya sauke hannu a hankali, ya taka zuwa rumfar Ilu. Ilu mutumin Garwa ne, shekara ashirin yana dafa shayi a wurin, kuma ba ya ɓoye dariya. Ya ji bayani, ya ajiye buta don kada ya ƙone.

"Mon adjudant, ai kana da kwamanda a gida. Kai mata."

"Iyali ba a kai musu rahoto," in ji Ajidan. "Sanar da su ake yi."

Ya tafi gida, ya tsaya a ƙofar ɗaki yadda ya saba tsayawa sau goma sha ɗaya. Rakiya na zaune tana tsince shinkafa a faranti.

"Maman Najiba, Banyo ne. Ƙarshen wata. A fito da akwati."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yana bayan kicin."

Ya zagaya. Akwatin na nan kuwa, a ɗore kan bulo huɗu don kada ruwa ya kai shi. An cire murfin, an huda gindin da ƙusa, an cika shi da baƙar ƙasa. Zogale uku sun fito har sun kai tsawon hannu, ga tattasai a gefe. Sunansa da lambarsa na nan raɗau a jiki. Mutumin da ya leƙa bayan gidan makarantu a garuruwa uku, ya kwana biyu a gidansa bai leƙa bayan kicin ba.

Ya dawo ransa a ɓace. "Wa ya ba da izinin wannan?"

Sai ta ajiye farantin. Muryarta ba ta tashi ba ko kaɗan.

"Baban Najiba, sau goma sha ɗaya na cika akwatin nan, ban taɓa tambayarka ina za mu ba, don na san kai ma ba a tambaye ka ba. Kowane gari sai na koyi kasuwa, na koyi maƙwabta, in sun fara sanin sunana sai takarda ta zo. A Yokaduma na bar ɗanmu Jalaluddeen, wata bakwai gare shi. Kwana tara da binne shi muka hau mota. Yau shekara ashirin da biyu, ban san ko ciyawa ta cinye wurin ba." Ta ɗago ta dube shi. "Wancan duk aikin gwamnati ne, na yafe. Wannan kuwa kai ne. Uwata tana layi na uku, ba ta gani sosai. Matan da za su yi mini wanka in na mutu suna nan, sun san ni tun ina yarinya. In Banyo kake so, Allah ya tsare hanya, zan soya maka nama."

Ajidan yakan ce an taɓa harbinsa a bakin iyaka bai ji abin da ya ji a ranar ba. Kunya ce ta kama shi, tsagwaronta. Yaron ma bai manta da shi ba, amma bai taɓa tunanin kwana tara ne ba, ita kuwa ta ƙirga. Ya tsaya ya rasa inda zai sa hannuwansa, sai ya ga ambulan na ɗaya daga ciki. Bai san lokacin da ya haɗa dugadugansa ya miƙa mata da hannu biyu ba.

Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta yi makaranta kafin aure, Faransancinta ma ya fi nasa tsabta. Ta karanta shafi bakwai ɗin nan kaf, shi yana tsaye, Najiba na leƙe daga taga tana toshe baki. Da ta gama ta ce, "Aiki ya yi kyau. Sai dai layi shida ka ja, ban ga na wanda zai shigo ya gaishe mu in muna kwance ba." Ta ce Najiba ta kawo biro. Ta dafa takardar a gwiwa ta yi rubutu a cikin gurbin shugaba, ta miƙa masa.

Kalma uku ne, in ji shi, da Hausa: Mun riga mun iso. Kalma huɗu, in ji Najiba, da ya ba da labarin a gabanta. Ko ƙirgen ma sai da aka gyara masa.

Shekara uku ke nan. Ya ɗaga dokin ƙofa da siminti, ruwa ya daina shiga ɗaki sai in ya yi gangancin gaske. Duk Asabar shi ke fito da mazan layi yasar kwata, yana ba da oda, suna yi masa ba'a, suna kuma yi. Zogalen ya fi katanga tsawo, kuma shi ke ba shi ruwa da rani, da wani tsohon kwanon soja, bayan sallar asuba.

Kwanan baya wani sajan da ya kusa ajiye aiki ya zo rumfar Ilu neman shawara, don an ce masa Ajidan ya san ƙananan garuruwa. Ajidan ya ciro rahoton daga aljihu, ya yi laushi don naɗi, ya karanta masa makin kowane gari. Sajan ya ce, to ita New Bell nawa ta ci?

"Shida," in ji Ajidan. "Har da sassauci."

"To me kake yi a nan?"

Ya buɗe shafin ƙarshe ya ɗora yatsa a kan rubutun Rakiya.

"Je ka gida ka tambayi matarka tukuna. Ni sai da na yi shekara talatin da ɗaya da mako uku kafin na kai takarda ofishin da ya dace."