Sukari A Haɓar Zane

Shekara guda cur na hana sukari shiga ɗakina. Ranar da likita ya ce ɗiyata mai shekara tara tana da ciwon sukari, wataƙila ya faɗi wasu abubuwa, ni dai sunan ciwon kaɗai na riƙe. Ko kunun maigida lami nake dama shi, ya sha yana tsaki. Allura safe da yamma, ba fashi. Duk da haka wani lokaci sai yarinya ta jiƙe da gumi, hannu na rawa, ido ya kafe. Surukata ta ce iska ce, muka yi ta turare. Na rasa na kamawa.

Da hutun lakwal, wato makarantar boko, aka tara mu kwana uku a wata makaranta a Konni, yara masu irin ciwon da iyayensu. Na taso daga Illela ina ganin babu uwar da ta kai ni kiyayewa.

Rana ta biyu, 'yan mata na tsakar gaɗa, ɗiyata ta zauna daɓas tana karkarwa. Kafin in isa, wata Bafillata mai tallan nono daga Bazaga, wadda ɗanta ya daɗe da ciwon, ta kwance haɓar zanenta ta miƙa mata ƙwayar sukari uku, ta ce ta tsotsa.

Na cafke hannunta. "Ke baiwar Allah, kashe min ɗiya za ki yi?"

"Sake ni, yaya," in ji ta. "Sukarin jikinta na yaf faɗi. Ga allura, ga tsalle, ga ciki ba komi."

Ban gama masifa ba yarinya ta miƙe tana neman takalminta. Wata malamar asibiti da ke kula da taron ta ce daidai aka yi. Kaina ya ɗaure tamau. Abin da aka ce shi ne cutar, shi ne kuma maganin? Sau biyu tana yi mini bayani, ina gyaɗa kai don kunya kawai.

A motar komawa gida, da ƙwaya shida ƙulle a nawa zanen kamar na ɗauko guba, na tambayi ɗiyata yadda take yi in abin ya same ta a lakwal.

Ta sunkuyar da kai. "Alawa nika roƙo wurin ƙawaye, Inna. In na sha sai in ji dama."

"Mi ya hana ki gaya min?"



"Tsoro nika ji ki hana su ba ni."