Murhun da ya yi sanyi

Muna aji huɗu na sakandare a Minna, wajen tsakiyar shekarun tamanin, aka ba mu wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa a darasin Turanci. Labarin wani sarki ne da ya zalunci na kusa da shi har kowa ya guje shi, daga baya ɗansa ya mutu, shi ma ya bi shi. Ba zan ce na gane rabin Turancin ba, kuma ina jin yawancinmu haka ne, ko da yake ban tambayi kowa ba.

Hadda ce hanyar karatunmu. Akwai bayanin da 'yan ajin gaba suke bar wa na baya, ana kwafarsa hannu da hannu: wannan layi kamantawa ce, ga ma'anarta, wancan siffantawa ce, ga tata. Mu da muka saba da Islamiyya, hadda ba ta ba mu wuya. Ni na fi kowa riƙe bayanin nan, don ina tsoron kuskure ƙwarai. Ko lokaci aka tambaye ni sai na fara da "wataƙila", har 'yan aji suka laƙaba mini shi.

Malaminmu mutumin kudancin Kaduna ne, dogo, ba ya dariya, kuma ya hana Hausa a ajinsa. Ya ce zai yi mana tambayar baki, wanda ya gamsar da shi ne kaɗai zai rubuta adabin Turanci a jarrabawar fita. Ni kuwa shi nake so in karanta a jami'a. In ya cire ni, magana ta ƙare.

A zangon nan kakata ta rasu. Gidanmu yana bayan tashar jirgi, inda kakanmu ya zauna tun da ya zo aikin reluwe. Kamar yadda aka saba a unguwar, ba a hura wuta a gidanmu ba lokacin zaman makoki. Maƙwabta ne suka ciyar da mu. Banufiyar da ke jikin katangarmu ta kawo shinkafa, matar fasto ta aiko da faten acca, kwanuka suka cika tsakar gida har muna rabar wa baƙi. Na tuna na leƙa madafa na ga kyanwa kwance cikin tokar murhu.

Ranar tambayar, ƙawata da muke zama benci ɗaya ta zungure ni.

"Ke Wataƙila, kin haddace?"

"Ina jin na haddace."

"Ina jin! Ke ko sunanki aka tambaya sai kin yi shawara da gida."

Da aka zo kaina, malam ya karanta wurin da sarkin, bayan mutuwar ɗansa, yake kwatanta fadarsa da gidan da murhunsa ya yi sanyi. Na san amsar bayanin sarai: talauci. Tana bakina. Amma kyanwar nan ta tsaya mini a rai, ga shi kuma babu inda wasan ya ce dukiyar sarkin ta ƙare.

Na ce, da guntun Turancina, "Malam, wataƙila ba talauci ba ne."

 Wani yaro a baya ya ce a hankali, "Ta kashe kanta."

"To mene ne?" in ji malam.

Na ce a wajenmu murhu yana sanyi ne in an yi rasuwa, kamar yadda namu ya yi da kakata ta rasu. Amma mu ba mu kwana da yunwa ba, don maƙwabta sun hura tasu wutar saboda mu. Shi sarkin ya kori duk wanda zai aiko masa da kwano. Na ce ina ganin abin da yake faɗa ke nan, cewa yana makoki kuma ba shi da maƙwabci. Sai na ƙara da cewa mai yiwuwa na yi kuskure.

Malam ya daɗe yana kallon littafin. Na riƙe gefen benci.

"Cire jimlarki ta ƙarshe," ya ce. "Za ki rubuta adabi. Zauna."

Da zai wuce ta kusa da ni, ya rage murya, cikin Hausar da ya hana mu, ya ce, "Allah ya ji ƙan tsohuwa."

Ƙawata ta kama baki. "Ashe yana ji! Duk zagin da muke yi masa!"

Har yau ban tabbata abin da na faɗa shi ne nufin marubucin ba. Na yi digiri a fannin, na ga masana sun kai layin wurare da yawa. Abin da na sani shi ne, bayan wasu shekaru na tarar da ƙanwata a tsakar gida tana haddar bayanin nan na gado. A ƙarƙashin "talauci" wani ya ƙara layi: makoki ba tare da maƙwabci ba.

Na ce mata, "Kin san daga ina wannan ya fito?"

"Yaya, don Allah ki bar ni," ta ce, "gobe za a tambaye mu."

Na ƙyale ta. Na shiga ɗaki ina murmushi ni kaɗai.