Nayeli Mai Aski Ta Gano Ubanta

Nayeli ta zo mana garin Yakima a nan Amurka lokacin tsinkar tuffa, daga wani ƙauyen jihar Michoacán can ƙetaren iyaka, da jaka ɗaya da almakashi. Ni nake dafa wa ma'aikatan gonar abinci, ni kuma na ba ta wurin kwana. Ba ta ɓoye mini ba, ubanta Eusebio take nema. Ya tsallako Amurka tana goye, ya yi ta aike, daga baya aka ji shiru.

Ran Lahadi sai ta kafa kujera a gindin bishiya tana yi wa maza aski. Duk wanda ya zauna sai ya sha tambaya.

"Ke 'yar nan, aski na zo ko tuhuma?" in ji tsoho Chucho direban tarakta.

"Kawu, daina motsi, kar kunnen nan ya bi gashin."

Chuchon ne kuwa ya tuna da wani Eusebio mai ɗingishi da ke gadin rumbun tuffa a garin Wenatchee. Na raka ta. A hanya ta yi ta jera baƙaƙen maganganun da za ta yaɓa masa, ina taya ta.

Muka same shi yana ɗumama wake a gwangwani, gashi buzu-buzu. Nayeli ta tsaya ta ƙare wa gashin kallo. Can ta ce, "Dattijo, wane mugu ne yake maka aski?"

Cokalin ya faɗi daga hannunsa. "Wannan ai muryar Remedios ce," ya ce. Sunan uwarta ke nan.

Ashe tun can baya daga kan tsani ya faɗo, ƙafa ta karye, aiki ya tsaya. Kunya ta hana shi kira, kullum kuma kunyar ƙaruwa take.

"Ban yafe ba tukuna," in ji Nayeli. "Zauna."

Ta yi masa aski yana kuka, tana daka masa tsawa ya daina motsi. Sannan ta kira uwarta ta miƙa masa wayar. Remedios ta wanke shi tas, har ni da ke gefe na ji tausayinsa. Da ta gaji ta tambaya ko yana cin abinci.

Remedios ba ta koma masa ba, shi ma bai roƙa ba. Nayeli ta buɗe shagon askinta, ta yi aure. Ranar baftismar ɗanta, Eusebio ya zo da aron kwat ya rungumi jaririn, yaron ya jiƙe shi sharkaf da fitsari. Ya hana kowa karɓarsa har aka tashi.